Ƙwaryar Barmo

Kakata Tsahara ba ta taɓa ganin teku ba.
Ruwan da ta sani Gulbi ne,
wata uku yana fushi, wata tara yana barci cikin rairayi,
a tona da hannu, ya fito a kunyace.
Duk da haka teku ce ta sa ta takaba.

Mijinta Mantau gujjiya ya bi.
Ya ɗora buhu bisa raƙumi a Maradi, ya ce iyaka Katsina.
A Katsina ya ce Kano.
A Kano ya ga dogo ya haɗiye dala guda bai yi gyatsa ba,
ya ce, bari in ga cikin da ke cinye nomanmu.
A Ikko ya same shi:
jirgin hayaƙi, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.
Aka ba shi shebur, aka nuna masa tsani,
can ƙasa, inda ba rana ba wata,
sai gawayi, sai wuta mai neman ƙari.

Damina biyu, shiru.
Ran wata Laraba sai ga Barmo, abokin tafiyarsa,
ƙafa a kumbure, kunne ɗaya ya mutu.
Unguwa ta taru gindin tsamiya.
Aka ce, yaya aka yi?
Ya buɗe baki, ya rufe.
Da wane harshe za ka faɗa wa mutanen rijiya
ruwan da babu tsallakensa?

Ya ce a kawo kwatarniya, a cika ta.
Ya ce a kawo ƙwarya.
Ya zuba gujjiya tafi ɗaya, ya sa garwashi a tsaka,
ya aza ta bisa ruwa, tana lilo.
Ya ce, dare ne. Dutse ne da ba ya nuna kai.
Ya zaro basilla ya huda gindinta.

Ba wanda ya yi tari.
Ruwa ya shiga a hankali, kamar baƙo mai sallama.
Garwashin ya ce cuu.
Barmo ya ce, mu na sama mun faɗa kwalekwale.
Mantau yana nan.
Ya nuna inda hayaƙin ya tashi.

Liman ya ce sai haƙuri,
wanda ruwa ya ci, ruwa ya yi masa wanka.
Tsahara daga bayan darni ta ce,
to, wa ya juya fuskarsa gabas?
Liman ya dubi carbinsa.

Ta yi wata huɗu da kwana goma.
Farin ƙyallen da ta saya ya tsufa cikin adaka,
ba kushewa, ba ƙasar da za a yayyafa wa ruwa.
Barmo ya ce mata tekun gishiri ce, ta fi kantun Bilma,
tun ranar in ta ɗanɗana miya sai ta ɗan tsaya,
ludayi a hannu, ido a wani wuri.

Wani fatake ya gaya mata
Gulbin nan namu ba ya mutuwa a daji:
yana bi ta ƙasar Sakkwato, ya faɗa Kwara,
Kwara kuma ta kai gaisuwa teku.
Shi ke nan.
Duk shekara, ran da ruwan fari ya sauko da kumfa da karmami,
sai ta ɗaure gujjiya a bakin zane, ta gangara,
ta watsa, ta ce, guzuri ne,
mutumin bai karya kumallo ba.

Yara mukan yi dariya. Ni ma na yi.

Yau ƙwaryar tana ɗakina, ta yi baƙi, ta tsage ta gefe.
Ba ta riƙe fura, ba ta riƙe hatsi.
In dare ya yi nakan ɗaga ta gaban fitila,
hudar basillar ta kawo haske ƙanƙane
kamar ƙwayar gero.
Ta nan kakana ya fita duniya.
Bana Gulbi ya kawo ruwa ran Lahadi,
kuma na gangara.